Kububuwa, ƴar ƙaramar da ake kira gobe da nisa

A wannan fitowa za mu yi maganar wata halitta da yawancinmu ba ma son ambaton sunanta, balle da dare, sai dai mu ce igiyar ƙasa ko abin ƙasa. To yau dai a yi mana haƙuri, za mu kira ta da sunanta, kububuwa, don lokacinta ne ya kama. Daga saukar ruwan fari har zuwa ɗaurin dami, kusan duk inda hannun mace ke shiga a gona da daji, nan ita ma take wuni.

In aka ce maciji mai kisa, abin da ke zo wa mutum a rai shi ne gamsheƙa ya fasa kai, ko kasa mai kaurin taɓarya. Kububuwa ba ta kama ƙafarsu ba wajen girma. Babba a cikinsu tsawonta santimita 30 zuwa 50 ne, wato kamu ɗaya ko ƙasa da haka, da wuya a ga wadda ta wuce 70. In ta naɗe, marfin kwano ya isa ya rufe ta. Amma a ƙasashen Afirka ta Yamma, a duk yankin da ake noman hatsi da dawa da gujiya, babu macijin da ya kai ta kashe mutane. Ko gamsheƙa da kasa ba su kai ta ba.

Kanta gajere ne mai faɗi ta baya, ga wuya siriri, shi ya sa kan ke fita daban da jiki. Idanunta manya, suna can gaba kusa da hanci, ƙwayar idon kuma a tsaye take kamar ta kyanwa da rana. Wutsiya ƴar gajeruwa. Launinta na ƙasar da take zaune ne, ruwan ƙasa ko toka-toka ko ja-ja irin na jigawa, da tabo fari da baƙi a jere bisa gadon baya. Fatarta ba ta sheƙi, kaushi gare ta. In ta kwanta cikin busasshen ganye ko tsakuwa, mai ido biyu ma sai ya tsallake ta bai sani ba.

Iri 2 muke da su a ƙasar nan. Akwai mai farin ciki, ba fa farin cikin murna ba, cikin nata ne fari fat babu ɗigo. Ita ce ta fi yawa wurinmu, a ƙasa mai yashi da duwatsu, tun daga Tawa da Maradi da Damagaram har duwatsun Abzin. Ɗayar kuma cikinta da ɗigo-ɗigo baƙi, gefen jikinta da jerin fararen tabo masu kama da idanu. Ta fi son inda ruwan sama ke da yawa, kamar wajen Gaya, har ya gangara Benin da Najeriya da arewacin Gana. Masana na kiran ta farko Echis leucogaster, ta biyu Echis ocellatus. Ku riƙe mana kalmar nan Echis, za ta yi amfani can gaba in mun zo maganar allura.

Abin da ya bambanta ta da sauran macizai shi ne yadda take gargaɗi. Su da huci suke yi, ita da jikinta. Ɓawon da ke gefen jikinta a karkace yake, kowane ɗaya da ɗan tudu mai haƙora kamar na zarto. In ta ji an matso, sai ta lanƙwashe jiki gida-gida, kai a tsakiya yana kallon mai zuwa, ta shiga goga wannan lanƙwasa da waccan. Ƙarar da ke fita duk macen da ta taɓa tuyar ƙosai ta san ta: kamar ruwa ya ɗiga cikin mai mai zafi, cuuu, ba tsayawa. Masana na ganin dabarar tanadin ruwa ce, don huci na fitar da danshi daga jiki, ita kuwa a ƙasar da ruwa ke wuya take zaune. Wadda ta ji wannan ƙara a gindin kara ko cikin ciyawa, ta tsaya cak, ta gano inda take fitowa, ta ja da baya sannu a hankali.

Kububuwa ba ta bin mutum. Sai dai kuma ba ta cika gudu ba, kuma a nan matsalar take. Yawancin macizai da sun ji takun ƙafa sun sulale. Ita ta dogara da launinta, sai ta lafe ta jira a wuce. In aka taka ta, ko hannu ya sauka kanta, ba ta ma samu zarafin gargaɗin ba, sara kawai za a ji, kuma ya fi ƙiftawar ido sauri. Ƙarfin da take kai saran da shi yakan sa jikin gaba ɗaya ya ɗan zabura gaba, shi ne za ku ji ana cewa tana tsalle.

Akwai wani ɗan maciji mai shan ƙwan tsuntsaye da ya ari rigarta. Launinsu kusan ɗaya, shi ma yana goga jiki ya yi irin wannan ƙarar, har ya kai sara na ƙarya, alhali bakinsa kusan babu haƙori, dafi kuwa ko ɗigo. Da wannan kwaikwayo yake tsira daga masu cinsa. Mun kawo shi ne don a san daji na da abin mamaki, amma kada wata ta tsaya leƙen wanne ne wanne. Masu binciken da suka ƙirga macizan Nijar sun samu iri wajen 50, kuma mafi yawansu ba su da dafin da ke kashe mutum. A riƙe wannan lissafi, shi ma za mu dawo kansa.

Maciji ba shi da kunne a waje. Motsin ƙasa yake ji ta haɓarsa da jikinsa, don haka taka ƙasa da ƙarfi ko buga sanda ya fi kururuwa amfani. Harshen nan mai baki biyu da yara ke tsoro ba shi ke sara ba, da shi take ɗanɗanar iska ta gane abin da ya gifta. Makamin yana cikin baki: fiƙoƙi 2 a sama, masu rami a ciki kamar allurar likita, a kwance suke jikin ganda, sai ta buɗe baki su miƙe. In ɗaya ya karye wani na bayansa yana jiran ya maye gurbi. Saboda haka macijin da gardi ya ce ya cire wa haƙori, bayan wasu makonni ya koma yadda yake.

Abincinta kunama, shanshani, fara, kwaɗi, ƙadangaru da ƴan ɓeraye. A yi mata adalci, tana rage mana kunama da ɓera. Amma wannan abincin ne ke jawo ta cikin gida. Rumbu na tara ɓera, gindin randa da makwararar wanka na tara kwaɗi, tarin itace da tsohon bulo na tara kunama da ƙadangare. Hatsinmu bai dame ta ba, mai cin hatsin take bi. Ita ma tana da masu cinta, irin su tunku da burtu da shaho, kuma ƙananan ko kaji da zabi na tsince su. In kuka ji zabi sun taru wuri ɗaya suna ta kuka suna kallon ƙasa, a je da sanda, kada a aiki yaro.

Jikinta ba ya yin zafin kansa kamar namu, na wurin da take yake ɗauka. Rana tsaka a watan Afrilu ko Mayu, in ta tsaya a fili zafi ya kashe ta. Shi ya sa take wuni a ɓoye, cikin ramin ɓera, tsohon suri, tsagar ƙasa, ƙarƙashin dutse, gindin kaba, ko duk abin da muka tara muka bari a ƙasa. Da almuru sai ta fito, farkon dare shi ne kasuwarta, musamman daren da aka yi ruwa ƙasa ta yi sanyi, kwaɗi da ƙwari suka fito. Lokacin ɗari takan rage yawo, amma tana nan, ba ta yi ƙaura ba.

Kasa haihuwa take yi, ƴaƴa rututu. Kububuwarmu ƙwai take sakawa. Mai ɗigon ciki takan saka 6 zuwa 20, galibi wajen Fabrairu da Maris, a rami ko ƙarƙashin dutse inda akwai ɗan danshi, ta yi tafiyarta, babu kwanci babu reno. Ƙwan ba shi da ɓawo mai tauri irin na kaza, laushi gare shi kamar fata. Bayan wasu makonni ƴaƴan su fito, santimita 10 zuwa 12, tsawon yatsa da ɗan ƙari. Daga ranar da suka fito suna da fiƙa, suna da dafi, kowa na neman abincinsa. Kun ga ke nan, ruwan fari na sauka daji na cike da sababbin ƙanana ga kuma iyaye, daidai lokacin da muka fita shuka babu takalmi.

In muka ɗora kalandarta bisa tamu, sai mu ga kamar tare aka tsara su. Shuka da noman fari, ƙafa cikin ciyawa. Tsinkar tafasa da lalo da yaɗiya, hannu cikin duhuwa. Yankan ciyawar bisashe, a tattaro ta a runguma a ƙirji. Matan Gulbin Kaba masu yankan kaba don tabarma, hannunsu na shiga gindin da ta fi so. Matan wajen Gaya masu tsintar kaɗanya tun da jijjifi, ido bai gama ganin ƙasa ba. Da kaka kuma ga tarin gujiya da harawa da damman hatsi da suka kwana biyu a gona, inuwa ga ɓera, ai ta samu ɗaki da abinci. Da ɗari ga kamun fara cikin duhun asuba. Sannan kowane dare na Allah akwai mai fita zagayawa bayan gari ba fitila. Shekarar da aka yi ambaliya kuwa, ruwa na cika ramu, ita da mu tudu ɗaya muke nema.

Maza galibi a ƙafa ake saransu. Mu mata da yara, ƙafa da hannu duka, don aikinmu na tsinka ne da tsinta da tattarawa. Yara maza kuma ga zura hannu rami neman gafiya da bushiya, wannan a tsawata musu da gaske.

Kariyar ba ta da tsada in aka gwada da jinya. Tocila a hannu duk fitar dare, ko da tsakar gida ne. Takalmi rufaffe wajen aikin gona, na roba mai tsawo in da hali, don fiƙarta gajeruwa ce kuma a ƙasa-ƙasa take sara, wajen idon sawu. Dami ko tarin itace, a fara taɓa shi da sanda, a juyo shi ta yadda bakin zai buɗe can gaba, ba wajen ƙafarki ba. Itacen girki da kara a aje su nesa da ɗakin kwana, a ɗora bisa wani abu. Mai kwana ƙasa ta sa gidan sauro ta cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa, ga maganin sauro ga na kunama ga na maciji. Takalmi da kwando da buhun da suka kwana waje a zazzage su kafin a sa hannu.

Yanzu mu zo kan sunan nan nata, gobe da nisa. Suna ne mai ban tsoro, ma'anarsa wanda ta sara ba zai ga gobe ba. A ganinmu wannan suna ya yi ɓarna ta hanya 2. Wasu in an sari nasu sai su yanke ƙauna, su ce ina amfanin wahalar tafiya likita. Wasu kuma in gari ya waye suka ga mutum na zaune yana shan kunu, sai su ce ai ya tsallake, dafin bai kama shi ba. Duka biyun kuskure ne, don dafin kububuwa ba mai gaggawa ba ne. Sau da yawa wanda zai mutu sai bayan kwana 2, ko 3, ko mako guda, har fiye.

Ga yadda yake aiki. A cikin jininmu akwai wani sinadari da ke sa jini ya daskare in mun yanke, shi ya sa ciwo ke tsayawa da kansa. Dafin na tilasta wa jiki ya kashe wannan sinadari gaba ɗaya cikin ƴan awoyi, a banza, inda babu ciwo. Kamar asusun da aka rabe kuɗinsa kaf rana ɗaya, gobe buƙata ta taso a buɗe akwati a tarar wayam. Sannan wani sashe na dafin yana bin ƙananan jijiyoyin jini yana huda su. Ga huji ko'ina, ga abin toshewa ya ƙare. Jini sai ya yi ta tsiyaya, wani a waje inda ake gani, wani a ciki inda ba a gani.

Da fari zafi ne da kumburi wurin saran, kumburin na hawa, ga kaluluwa a hantsa ko hammata, wani lokaci da bororo. Daga baya a duba dasashi, nan jini ya fi saurin nunawa. Sai haɓo, jini a yawu, a fitsari, a bayan gida ko amai, ramin fiƙar na ta ɗiga ba ya tsayawa, tsohon ƙurji ko kaushin ƙafa ya buɗe. Mutum na iya tafiya da ƙafarsa yana hira alhali jininsa ya daina daskarewa tun jiya. In ciwon kai mai tsanani ya zo, ko wuya ya sandare, ko magana ta rikice, ana tsoron jini ya zuba cikin kai, kuma wannan shi ke yawan kisa.

Mu mata abin ya fi yi mana nauyi. Mai haila jinin na iya ƙaruwa ya ƙi tsayawa. Mai jego da ba ta gama warkewa ba haka. Mai ciki kuwa rai biyu ne cikin haɗari, don jini na iya ɓallewa, mabiyiya ta saki, ciki ya zube. Wasu na tsoron kai mai ciki a yi mata allurar dafi wai kada ta taɓa ɗan. Likitoci sun daddale wannan magana: ana yi wa mai ciki, dafin ne abin tsoro gare ta da abin da ke cikinta. Kuma yawancinmu dama jinin bai ishe mu ba, ga haihuwa ga zazzaɓin sauro, wanda namiji zai zubar ya tashi, mace na iya zubar da shi ta kasa.

In an fahimci cewa jini ne ba ya daskarewa, sauran bayani mai sauƙi ne. Duk abin da zai buɗe fata haɗari ne. Tsaga da aska, ƙaho, tsotsa da baki, duka ƙofa ce ake buɗe wa jinin da ba shi da mai tsayar da shi, kuma dafin ba ya fitowa ta nan, ya riga ya shige. Ɗaure ƙafa tamau da igiya ko robar taya ba ya hana dafi tafiya, sai dai ya kashe naman, har a kai ga yanke ƙafar da da ta warke. Baƙin dutsen nan da ake mannawa, ƙashi ne da aka ƙona, yana kama fata don yana shan danshi, ba ya zuƙo dafi. Jiƙon da ke sa amai yana iya tayar da jini a ciki. Sai kuma wanda aka fi mantawa da shi, ƙwayoyin ciwon jiki na masu yawo da magani a tire: aspirin, ibuprofen da diclofenac duka suna ƙara tsinka jini. In zafi ya yi yawa paracetamol kaɗai za a ba shi.

Mun san za a ce, to ai wane mai maganin maciji ne tun kakanninsa, kuma mun ga waɗanda ya yi wa suka tashi. Gaskiya ne sun tashi, kuma ba zagin kowa muke ba. Amma mu yi lissafi irin wanda muka iya. Mun ce yawancin macizanmu ba su da dafin kisa, duk wanda irinsu suka sara zai warke ko an ba shi magani ko ba a ba shi ba. Waɗanda kububuwa ta sara kuma, in babu allura, 10 zuwa 20 cikin 100 ne ke mutuwa. Wato cikin mutum 10, 8 ko 9 za su tashi da kansu bayan wahala. Waɗannan su ake ƙirgawa mai magani, ɗaya ko biyun da suka tafi a ce kwana ya ƙare. A likitar da ke da allura ta gari, masu mutuwa ba su kai 2 cikin 100 ba. Babu mai iya duban mutum ranar farko ya ce wannan cikin 8 yake ko cikin 2.

Abin yi in ta faru kaɗan ne. A janye mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali, a zaunar da shi. A cire zobe, warwaro, munduwa da duk abin da zai matse in kumburi ya zo. A sa wa ƙafar ko hannun ɗan itace a naɗe da ƙyalle sako-sako don kada ya yi ta motsi, kamar yadda ake yi wa karaya. Kada ya yi gudu, kada ya yi tafiyar ƙasa in akwai amalanke ko moto, a kan moto kuma wani ya zauna bayansa ya riƙe shi. A lura da ƙarfe nawa abin ya faru. Kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin, garin haka ake samun sara na biyu. In an riga an kashe shi a ɗauke shi da sanda a sa cikin gwangwani, ko a ɗauki hotonsa da salula, don kan maciji ko an datse shi yana iya sara bayan wani lokaci. Daga nan sai likita, ranar nan, daren nan.

A likita akwai gwaji mai sauƙi da ko ƙaramar likitar ƙauye za ta iya. A ɗebi jini kaɗan a zuba cikin ƴar kwalbar gilashi sabuwa, busasshiya, a aje ta minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata ta. In jinin ya daskare, madalla, amma za a sake gwadawa bayan wasu awoyi, don haka a yarda a kwana ko da mutum na jin garau. In ya zubo kamar ruwa, dafi na aiki, sai allura. Ta jijiya ake ba da ita, sau da yawa cikin ƙarin ruwa, ma'aikacin lafiya na tsaye kusa, don wasu jikinsu na ƙin ta da fari kuma akwai maganin hakan a hannunsa. In allurar ta dace, jinin dasashi kan tsaya cikin rabin awa, bayan awa 6 a sake gwajin kwalba, in bai daskare ba a ƙara. Wanda aka yi jinkirin kawowa ma kada a fid da rai. Ko bayan kwana 3 ko 4 ne, muddin jini na zuba, allurar na aiki.

Yaro da babba allura ɗaya ake ba su, ba a rage wa yaro. Maciji bai auna shekaru ba lokacin da ya zuba dafin, kuma a ƙaramin jiki ya fi saurin ɓarna. Uwa ta ji an ce kwalba kaza za a sa wa ɗanta, kada ta ce ta yi masa yawa.

Ita wannan allura daga jinin dabba ake yin ta. A tatsi dafin maciji, a dinga sa wa doki ko tunkiya kaɗan-kaɗan har jikinsu ya koyi yaƙi da shi, sannan a ɗebi jininsu a tace abin da ke karya dafin. Shi ya sa kowace allura macizan da aka yi ta da dafinsu take sani. Akwai waɗanda aka yi musamman da kububuwar yankinmu: an kwashi macizai daga Najeriya zuwa makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Libaful a Ingila, aka tatse su, aka yi EchiTAb-G da tumaki a Birtaniya, aka yi EchiTAb-Plus da dawaki a Kosta Rika, wadda ta haɗa kububuwa da kasa da gamsheƙa. Da su ake jinyar dubban mutane a Kaltungo ta jihar Gombe, inda saran kububuwa ya yi ƙaurin suna.

Akwai kuma kububuwa a Indiya, ƴar uwar tamu ce amma dafinsu ba ɗaya ba. A wata likita a karkarar Gana, da aka canza allura aka koma wadda aka yi da dafin ta Indiya, masu mutuwa sun tashi daga kusan 2 cikin 100 zuwa 12 cikin 100. Nan ne kalmar da muka ce ku riƙe za ta yi aiki. In an rubuta muku takarda ku sayo a farmasi, ku sa mai karatu ya duba takardar cikin kwali, a ga an rubuta Echis ocellatus ko Echis leucogaster cikin macizan da aka yi ta dominsu, a duba ranar lalacewa, a kuma nuna wa likitan kafin a buɗe. Ta kasuwa ko ta hannun mai yawo, ko kyauta ce kada a karɓa.

Samun ta gari ba kullum yake da sauƙi ba. Kamfanin Faransa mai yin Fav-Afrique, wadda ƙasashenmu suka daɗe suna dogara da ita, ya daina yin ta a 2014, ragowar ta lalace a 2016. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, a 2019 kuma ta ɗauki aniyar rage mutuwa da naƙasa da rabi kafin 2030. Lissafinta ya nuna mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa kowace shekara a duniya, kusan duka talakawan karkara. Aniya ce mai kyau, amma kafin ta iso ƙauyukanmu sai mun yi namu shiri.

Shirin kuwa tun kafin a sari wani ake yin sa. A taro mai zuwa a wakilta mata 2 su je likitar da ta fi kusa su tambaya: kuna aje allurar dafin maciji? In babu, ina ne mafi kusa da ke da ita, kuma nawa ne kwalba? Amsar a rubuta ta a bayan littafin ƙungiya, tare da lambar mai moto 2 ko 3 da za su amsa waya da tsakar dare. Kuɗinta jikkuna ne masu yawa, kuma wani sai an sa masa fiye da kwalba ɗaya, ga abin hawa ga abincin mai jinya. Iyalai da yawa kwanan da suke yi a gida ba don sun fi yarda da tsaga ba ne, jiran ranar kasuwa suke su sayar da akuya. Ƙungiyar da ke da asusun taimako ta yanke shawara tun yanzu cewa saran maciji na cikin abin da ake buɗe akwati dominsa ko da dare ne, a kuma san masu riƙe da makullai da wadda za ta tashe su.